Tsinken Gilashi: Tsohuwar Dabarar Ɗaure Dogon Gashi Da Ke Sassauta Wa Gaban Goshi

A gidan adana kayan tarihi na Yorkshire da ke birnin York a Ingila, akwai nannaɗaɗɗen gashin wata budurwa ta zamanin Rumawa, wanda aka tono a 1875 lokacin da ake aikin tashar jirgin ƙasa ta birnin. Shekaru sama da 1,500 sun shuɗe tun da aka binne ta, amma gashin yana nan a naɗe, kuma tsinkaye biyu na baƙin dutse da aka soke a cikinsa suna nan inda aka bar su. Babu roba a jikinsa, babu maƙalin ƙarfe. Tsinke da naɗi kaɗai suka riƙe shi.

Wannan dabara ba ta mutu ba. A yau masu dogon gashi a ƙasashe da dama sun koma gare ta, kuma daga cikin kayan da ake yin tsinken da su akwai wanda ke sa mutum ya yi turus idan ya fara ji, wato gilashi. Ana yin sa siffa biyu: miƙaƙƙen tsinke guda, da kuma mai yatsu biyu ko uku wanda ya yi kama da cokali mai yatsu. Tambayar da duk mai hankali zai yi ita ce, me zai sa mace ta soka abin da ke fashewa a kanta? Amsar tana cikin yadda tsinke ke riƙe gashi, da kuma irin gilashin da aka yi shi da shi.

Abin da matsi ke yi wa gashi

Ma'aikaciyar da ke fitowa daga Kubwa, Nyanya ko Gwagwalada zuwa sakatariyar gwamnatin tarayya takan ɗaure gashinta tun kafin gari ya waye sosai, kuma ba za ta kwance shi ba sai ta dawo gida da dare. Sa'o'i goma sha biyu ko fiye ke nan gashin yana cikin roba, sau da yawa an zagaya ta sau uku ko huɗu don kada ɗankwali ya zame. Roba tana riƙe gashi ne ta hanyar shaƙe shi a wuri guda, kuma duk nauyin da ke rataye a bayan ɗaurin yana komawa kan jijiyoyin da suka fi kowa rauni, wato na gaban goshi da na gefen kunnuwa.

Likitocin fata sun daɗe da sanin sakamakon haka. Jan gashi na tsawon lokaci yana sa shi zubewa daga tushe, abin da mata ke cewa kitso ko ɗauri ya cinye gaban kai. Farfesa Nonhlanhla Khumalo ta Jami'ar Cape Town da abokan aikinta sun wallafa wani bincike a 2007 da suka yi a unguwar Langa ta Afirka ta Kudu, inda suka samu wannan matsala a jikin kusan mace ɗaya cikin kowace uku da suka duba. Sun kuma lura cewa abin ya fi tsanani ga waɗanda ke sa man miƙar da gashi sannan su ɗora masa kitso mai tsauri ko ƙarin gashi.

A farkon al'amari ana iya gyarawa. Idan aka sassauta, gashin yakan sake tsirowa. Amma idan aka shafe shekaru ana ja, ramin da gashin ke fitowa yakan mutu ya zama tabo, kuma babu man da zai dawo da shi. Alamomin farko ba ɓoyayyu ba ne: zafi a fatar kai bayan an ɗaure, ƙananan ƙuraje a bakin kitso, ciwon kai da ke lafawa da zarar an kwance, da kuma goshi da ke ƙara faɗi a hankali.

Yadda tsinke ke aiki

Tsinke ba ya shaƙe komai. Aikinsa kamar na sakata ne a ƙofa. Idan aka murɗa gashi aka naɗe shi kamar gammo, naɗin yana son warwarewa ta hanyar juyawa baya. Tsinken da ya ratsa gefen naɗin, ya ɗebo ɗan gashin da ke kwance a kan fatar kai, sannan ya fito ta ɗaya gefen, ya hana wannan juyawar. Gashin ne ke riƙe kansa, tsinken kuwa ya tare masa hanyar kwancewa kawai. Saboda haka nauyin yakan bazu a kan faɗin ƙeya maimakon ya taru a wuri guda.

Mai yatsu yana yin wannan aiki ne a wurare biyu ko uku lokaci guda, shi ya sa ya fi dacewa da gashi mai yawa ko kitso mai nauyi. Masu ƙera shi sukan ɗan lanƙwasa yatsun don su bi siffar kai, kada ƙarshensu ya tokare fata.

Sai dai a nan akwai abin da ya kamata a faɗa ƙarara. Tsinke ba magani ba ne. Macen da ta ja gashinta da ƙarfi daga goshi kafin ta naɗe shi, ko da tsinken zinare ta soka, ta ja shi. Amfanin tsinke shi ne yana ba da damar a yi naɗi sako-sako wanda duk da haka ba zai kwance ba, abin da roba ba ta iya yi.

Daga Sin zuwa Japan da Koriya

Babu inda wannan al'ada ta yi zurfi kamar gabashin Asiya. A tsohuwar ƙasar Sin, yarinya idan ta kai shekara 15 akan yi mata bikin soka tsinke, a naɗe mata gashi irin na manya, alamar ta isa aure. Harshensu ya bambanta tsinke mai ƙafa ɗaya, wanda suke kira zan, da mai ƙafa biyu, wanda suke kira chai. Akwai ma al'adar da masoya ko ma'aurata ke raba mai ƙafa biyun idan tafiya ta kama, kowa ya riƙe rabi har sai an sake haɗuwa.

Gilashi ya shigo cikin wannan ado tun da daɗewa. Sinawa suna kiran gilashinsu na gargajiya liuli, kuma sukan yi shi shuɗi ko fari-fari don ya yi kama da dutsen jed mai tsada. Littafin tarihin daular Song ya ambaci cewa a ƙarshen ƙarni na 12 matan unguwanni sun rungumi adon kai na liuli. A 1982 kuma, masu binciken kayan tarihi sun tono wata tsohuwar masana'antar gilashi a Boshan da ke lardin Shandong, wadda ta yi aiki a wajajen ƙarni na 14, kuma tsinkayen gashi suna cikin abubuwan da aka samu a wurin. Wato gilashi ya ba talaka damar yin adon da a da sai masu hali.

A Japan ana kiran tsinken kanzashi, kuma ya bunƙasa a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, lokacin da mata suka bar sakin gashi suka koma naɗe shi ta hanyoyi masu sarƙaƙiya. An yi shi da itace, da azurfa, da ƙoƙon kunkurun teku, da kuma gilashi, wanda a lokacin suke kira bidoro, kalmar da suka aro daga Turawan Fotugal. Wani nau'in da ya yi farin jini shi ne tsinke mai dutsen ado guda ɗaya a kusa da kansa.

A Koriya kuwa sunansa binyeo, kuma shi ne alamar matar aure a zamanin daular Joseon. A ƙarni na 18 sarakunan ƙasar sun haramta manyan gashin aro da matan masu kuɗi ke ɗorawa a ka saboda tsada da almubazzaranci, abin da ya sa naɗin ƙeya mai tsinke guda ya zama ruwan dare.

A ƙasar Hausa tsinke ba baƙo ba ne a kan mace. Kibiyar da makitsiya ke tsaga gashi da ita, wadda kuma ake tsefe kai da ita, tana nan a kusan kowane gida. Bambancin shi ne mu mun ba kitso aikin riƙe gashi, kibiya kuma ta tsaya a matsayin kayan aiki. Yanzu da mata da yawa ke barin gashinsu a tsefe na kwanaki, ko suke yin dogayen kitso masu sauka har gadon baya, tambayar abin da za a tufke su da shi ta zama ta kullum.

Gilashi suna ya tara

Wanda bai sani ba zai ɗauka duk gilashi ɗaya ne. Gilashin kwalba da na taga ana yin sa ne da yashi da soda da farar ƙasa. Yana narkewa da sauƙi, yana karɓar launuka masu kyau, kuma shi ne dangin wanda maƙeran tsibirin Murano na Italiya suka shahara da sarrafawa tun bayan da hukumomin Venis suka mayar da su can a 1291 saboda tsoron gobara. Rauninsa shi ne ba ya jure sauyin zafi da sanyi na farat ɗaya.

Akwai kuma gilashin borosiliket, wanda masanin sinadarai Otto Schott ya inganta a birnin Jena na Jamus a ƙarshen ƙarni na 19, kamfanin Corning na Amurka kuma ya fito da shi kasuwa da sunan Pyrex a 1915. An ƙara masa sinadarin boron, abin da ya sa buɗewar da yake yi idan ya ji zafi ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na wadda gilashin kwalba ke yi ba. Shi ne ake yin kwalaben ɗakin gwaje-gwaje da shi, kuma shi ne masu ƙera tsinken gashi na ƙwarai suka fi amfani da shi. Sukan ɗauki sandar gilashin su narka ta a bakin wutar gas da iskar oksijin, su ja ta, su murɗa, su siranta bakin, su yi wa kan ado.

Mataki mafi muhimmanci yana zuwa ne bayan an gama siffar. Gilashin da ya huce da sauri, bayansa yakan daskare kafin cikinsa, sai a bar wani irin ɗauri a cikin jikinsa wanda ido ba ya gani. Irin wannan yana iya tsagewa bayan makonni ba tare da an taɓa shi ba. Don haka ake sa kayan a tanda mai zafin kusan digiri 560 a ma'aunin Salsiyos idan borosiliket ne, a bar shi ya jima, sannan a rage zafin sannu a hankali. Tsinken da ba a yi masa haka ba kyan ɗan maciji ne. Shi ya sa tambaya ta farko ga mai sayarwa ita ce wane irin gilashi ne, ta biyu kuma ko an hutar da shi a tanda. Wanda ya kasa amsa waɗannan biyun, a bar masa kayansa, domin araha ba ta ado.

Abin da gilashi ya fi sauran da shi

Babban abin da ke jan mata zuwa gare shi shi ne santsi. Gashin baƙar fata yana da lanƙwasa da yawa, kuma kowace lanƙwasa wuri ne da silin ke iya karyewa. Tsinken roba da aka zuba a mazubi yakan zo da ɗan siririn kaifi a inda ɓarin mazubin biyu suka haɗu, wanda ke kankare gashi duk shiga da fita. Na itace yakan bushe a lokacin hunturu ya fara tsattsagewa, ya riƙa kama sili. Na ƙarfe mai araha fentinsa yakan ɓare, ya yi tsatsa, wasu kuma akwai sinadarin nikel a jikinsu wanda ke sa wa mutane da yawa ƙaiƙayi. Gilashin da wuta ta goge ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ba ya kuma shan mai. Macen da ke shafa man kaɗanya, man kwakwa ko man alayyadi ta san yadda itace ke jiƙewa da su ya canza launi, wani lokaci har ya yi wari. Gilashi kuwa ruwan ɗumi da sabulu sun ishe shi. Ana iya soka shi a gashi mai laima bayan wanka ba tare da ya lalace ba, kuma cire shi a mayar lokacin alwala ba ya ɗaukar minti guda.

Nauyinsa ma bai kai yadda ake zato ba. Tsinken borosiliket mai tsawon santimita 15 da kaurin milimita 8 bai wuce giram 17 ba.

Santsin nan yana da nasa cikas. Ga mai gashi mai sulɓi, ko wadda ta sa man miƙarwa, miƙaƙƙen tsinke yana iya zamewa. Maganin haka shi ne a zaɓi wanda aka murɗa jikinsa kamar igiya, ko mai yatsu. Gashi mai cika da lanƙwasa kuwa, da kitso irin su kalaba, suna kama gilashi da kyau.

Yadda ake soka shi

A tattara gashin a ƙeya da hannu, ba tare da an ja shi daga goshi ba. A murɗa shi har ya fara naɗewa da kansa, a zagaya shi ya zama gammo, a cusa jelar a ƙarƙashi. Sai a riƙe naɗin da hannu ɗaya, a soka bakin tsinken a gefen naɗin yana kallon waje, a ɗebo ɗan gashi kaɗan. Daga nan a juya tsinken ya kwanta, bakinsa ya koma yana kallon tsakiyar naɗin, a tura shi a hankali yana shafar fatar kai, har ya fito ta ɗaya gefen.

Wurin juyawar nan ne ake karya tsinke. Gilashi yana jure dannawa ƙwarai, amma ba ya jure lanƙwasawa, kuma ba ya gargaɗi kamar yadda itace ke yin ƙara ko ƙarfe ke tanƙwarewa kafin ya karye. Idan aka ji tsinken ya cije, kada a tilasta masa. A zare shi, a sassauta naɗin, a sake gwadawa. Wadda ba ta taɓa amfani da tsinke ba gara ta koya da na itace har hannunta ya faɗa, sannan ta koma na gilashi.

Wajen tsawo, abin lura shi ne ya zarce faɗin naɗin da kamar yatsa biyu a kowane gefe. Galibin waɗanda ake sayarwa suna tsakanin santimita 13 da 18. Ga mai ɗaura ɗankwali ko sa hijabi, gajeren mai yatsu da aka soka a ƙasan ƙeya ya fi dogon tsinke, domin ba ya turo mayafi kuma ba ya kama yadi.

Inda bai kamata a sa shi ba

Ba a kwana da shi. Ba a sa wa yara. Ba a shiga wasan motsa jiki da shi. Mai goyo ko mai ɗaukar jariri a kafaɗa ta tuna cewa hannun yaro yana kai wa ga duk abin da ke ƙyalli. Haka kuma duk wani abu mai tauri da ke tsakanin ƙeya da matashin kujerar mota haɗari ne idan aka taka birki da ƙarfi ko aka bugi motar ta baya, ko na gilashi ne ko na ƙarfe. Wadda ke bin hanyar Kefi ko ta filin jirgin sama kullum, ko take hawa babur, ya fi mata ta ajiye shi a jaka cikin ɗan kube mai laushi, ta soka idan ta isa ofis.

Yawancin tsinkayen da ke fashewa ba a kai suke fashewa ba, a ƙasa ne, musamman a kan tayil ɗin banɗaki. Idan ya faɗi bai fashe ba, a ɗaga shi a haske a duba, a kuma bi jikinsa da farce. Ƙaramin tsagi ko ɓantarewa shi ne inda karaya ke farawa, don haka tsinken da ya samu tabo ya gama aiki a kai. Kada kuma a zuba shi cikin jaka tare da makullai.

Darasi ga maƙeran gida

Nijeriya ba baƙuwar gilashi ba ce. Binciken da Dakta Abidemi Babatunde Babalola ya jagoranta a Igbo Olokun da ke Ile-Ife ya nuna cewa an haɗa gilashi daga kayan gida a wurin tsakanin ƙarni na 11 da na 15. A Bida ta Jihar Neja kuma, mutanen unguwar Masaga har yau suna narka gilashi a murhun ƙasa suna yin ƙarau da duwatsun wuya, a da daga yashi da kanwa, yanzu galibi daga fasassun kwalabe. A 2021 hukumar UNESCO ta sanya Bida cikin jerin biranen duniya masu fasahar sana'o'in hannu da al'adun gargajiya.

Gilashin kwalba da aka narka a murhun gargajiya bai dace a yi dogon siririn tsinke da shi ba, saboda dalilan da aka ambata. Amma salon Japanawa na dutse guda a kan tsinke ya nuna wata hanya: jikin tsinken ya zama na itace mai ƙarfi ko na tagulla, wanda Bida ma ta shahara da ƙerawa, kansa kuma a ɗora masa dutsen gilashin Masaga. Ɓangaren da ke ɗaukar nauyi ba zai fashe ba, ɓangaren da ido ke gani kuma zai zama na gida. Hukumomin da ke shirya baje kolin sana'o'in hannu a Abuja, da ma'aikatan da ke neman tsarabar da za a ba baƙin ƙasashen waje, suna da abin dubawa a nan.

Ga macen da ke tunanin gwadawa, ma'aunin ɗaya ne, ko da wane irin tsinke ta fara: idan ta naɗe gashinta ta soka, ta ɗaga gira ta juya wuya hagu da dama. In ta ji fatar goshinta na ja, naɗin ya yi tsauri, sai ta kwance ta sake.